Gawa a Kan Kwalin Madara

A duk faɗin Norway, tun daga bakin tekun kudu har can inda rana ke ƙin faɗuwa da bazara, ba a taɓa yin mutumin da ya san ƙa'idar kisan kai a sararin samaniya kamar Gudmund Skarsten ba. Shi ya faɗi haka da bakinsa, kuma ba a samu wanda ya musa ba, don a kwarinmu na Okkedal ba a cika jayayya da mutumin da ke da ikon hana ka kunna murhu a tsakiyar hunturu ba. Gudmund shi ne mai sharar bututun hayaƙi na ƙaramar hukuma, shi ne kuma mai duba gidaje saboda gobara. Bai taɓa shiga jirgin sama ba, balle kumbo. Iyakar nisan da ya taɓa yi da ƙasa shi ne rufin coci.

Fushinsa ya girmi aurensa, ya girmi aikinsa. Ya samo shi ne a wani hutun Ista, yana ɗan makaranta, a bukkar katakon mahaifinsa da ke kan tsauni. Kamar kowace shekara an hau da lemo da cakulan da littattafan kisan kai, kowa ya jingina da bangon da rana ke duka yana karanta yadda aka shaƙe wani. Abin da ya faɗo hannun Gudmund littafi ne da wani kawunsa ma'aikacin jirgin ruwa ya manta, mai hoton koriyar halitta riƙe da wuƙa. An kashe shugaban wani kumbo a ɗakin da ke kulle ta ciki. Gudmund ya ƙi fita zamiya a ƙanƙara, ya zauna yana auna kowace ƙofa da kowace magana, har ya tsayar da wanda yake zargi, da hujjarsa. A shafin ƙarshe aka sanar da shi cewa mai kisan wata halitta ce da ke ratsa bango kamar hayaƙi, wadda ba a taɓa ambatonta ba sai a nan. Ya buɗe murhu ya wurga littafin. Takardar ta tashi da ƙarfi, kunkunniyar da ta daɗe a bututu ta kama, sai da aka yi ta jibga ƙanƙara a rufi kafin wutar ta mutu. A rana ɗaya ya samu sana'a da abokan gaba.

Mai hankali da tun ranar ya sallama irin waɗannan littattafai. Gudmund ya ninka. Duk littafin da aka kashe wani a cikin kumbo ko a wata duniya, tsakanin halittu masu ƙaho da masu sulɓi, sai ya saya ya karanta har ƙarshe don ya tabbatar an cuce shi. Ba a kuwa cika ba shi kunya ba. A wani littafin mai kisan jiki biyu gare shi, ɗaya yana shan shayi da mai bincike, ɗayan yana can yana aiki. A wani kuma kumbon ne da kansa ya yi kisan, wai an ɓata masa rai. Wanda ya fi ƙona masa zuciya shi ne wanda aka kai ƙarshe gawar ta miƙe ta karkaɗe jiki, wai su a jinsinsu haka ake barci. Akwai wani gurbi a bangon falonsu, dab da agogo, inda littattafan ke sauka. Matarsa Ragnfrid, mai aikin jinya a gidan tsofaffi, ta gaji da shafa fenti, ta rataya 'yar darduma a wurin.

"Ka koma karanta na soyayya mana, ko bangon ya huta," in ji ta.

"Can ma ƙarya ake yi."

"To ai ka saba."

"Can ba a kulle ƙofa a ce in nemo ta inda aka shiga. Ragnfrid, ban hana su halittarsu ba. Su ba ta kai goma, su sa ta riƙa cin ƙarfe. Amma in tana ratsa bango, a gaya mini a shafin farko. Wanda ya kira ka wasa ya ɓoye rabin dokar a aljihu ɓarawo ne, ko da digiri gare shi."

Aƙidarsa ɗaya ce, kuma daga kan rufin mutane ya samo ta: duk ɗakin da ake numfashi a ciki yana da kafar iska, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Marubucin kirki shi ne wanda zai nuna maka tsagar tun farko, ka kalle ta da idonka ka wuce, sai a ƙarshe ka dafe kai ka ce ai kuwa na gani. Ya yi wannan huɗubar a kicin ɗin kusan kowane gida a kwarin, da burushi a kafaɗa, masu gida na tsaye suna jira ya gama ya ce murhunsu lafiya.

Mutum ɗaya ne ba ya jira. Eilif, ƙanin Ragnfrid, dillalin tarakta, murhun lantarki gare shi, don haka bakinsa a sake yake.

"Suruki," yakan ce, "kushe miyar wani ba wuya. Dafa taka mu ɗanɗana."

Gudmund ya dafa. Ya shafe shekaru yana rubuta littafi guda, ya aika wa masu buga littattafai a birni. Wasu ba su amsa ba. Waɗanda suka amsa suka ce labarin yana da tsari, amma bututu sun fi mutane yawa. Ya ajiye shi a kan kabad, ya ƙara masu buga littattafai a cikin waɗanda ba ya ga-maciji da su.

Yana gab da ajiye aiki, gemunsa ya riga ya yi fari a ranakun da ba ya aiki, sai ga Oddny Lien. Ta dawo daga karatu a birni ta karɓi ragamar ɗan kamfanin madara na manoman kwarin, ta kuma ga babu dalilin da manyan kamfanoni za su riƙa buga labarin bincike a jikin kwalin madara duk Ista, namu yana ɗauke da hoton saniya kawai. Ta tsara abin: kwalaye uku na labari, mako-mako kafin hutu, na huɗu ya fito bayan Ista da warwara. Ta fara tuntuɓar malamin makaranta, ya ce ba shi da lokaci. Limamiyar coci ta ce ba zai dace da ita ba. Sai ta tarar da Gudmund yana saukowa daga tsani, ta yi masa tayin aikin.

"Sharaɗi ɗaya dai, Gudmund. Ban da gawa."

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan tsani. "Labarin kisa, ban da gawa."

"A ce wani abu aka sata. Cuku, ko sandar zamiya. Yara ne ke kallon kwalin nan suna karin kumallo."

"Yaran da ubanninsu ke rataye barewa a gareji duk kaka, suna feɗewa ƙofa a buɗe? 'Yar Lien, na san gidanku tun kina cin ƙasa. Na ga abin da ke reto a rumbun babanki."

"Wannan nama ne."

"Kafin ya zama nama gawa ne. Ki nemi wani ya rubuta miki satar cuku. Wanda aka sace wa cuku yakan sayi wani."

Sai da suka yi zama biyu a ofishinta, a tsakanin ƙarar injin da warin tsami, kafin suka daidaita. Gawa ɗaya. Kada ta yi kama da mutum, kada ta yi kama da saniya. Jinin kada ya zama ja. Kuma a cikin labarin a sha madara ko da sau ɗaya ne. Gudmund ya haɗiye na ƙarshen kamar magani.

Daga can kantin kwarinmu ya nufa, ya tsaya tsakanin dankali da jaridu, ya sanar da duk wanda ke wurin abin da zai faru. Zai ba su komai a fili, ba zai ɓoye ko ƙwayar doka ba. Duk da haka babu wanda zai gano mai kisan kafin kwali na huɗu. In na huɗun ya fito kuma, kowa zai dafe kai ya ce ai kuwa na gani. Abin da yake nema ke nan, ba wani abu ba. In ya samu, to shekarun da ya yi yana jifan bango gaskiya ya tsaya wa. In bai samu ba, Eilif ne da gaskiya, shi tsoho ne kawai mai masifa.

Ya shiga aiki da kaka. Gayyar kaka kuwa ta faɗo ranar Asabar ɗin da yake tsaka da lissafin kafofin iska. A nan ba a gayyatar kowa, kowa ya san ranar da ake sare ƙirare daga hanyar zamiya, a kwashe ganye a filin makaranta, a wanke tagogin zauren taro. Tun da ya iya ɗaga manjagara Gudmund bai taɓa fashi ba. Har ranar da aka cire masa haƙori ya je, da auduga a baki. Wannan karon ya leƙa taga, ya ga mutane na wucewa da shebur da bokiti, ya ja labule.

Eilif kuwa ya je, kamar kullum. Shekara da shekaru yana zuwa da ciwon bayansa da tulun kofinsa, ya jingina da manjagara yana nuna wa mutane inda suka tsallake ganye. Amma yana zuwa. Da rana ta yi sanyi ya ƙwanƙwasa ƙofar Gudmund riƙe da faranti, an lulluɓe wainar fulawa biyu da adiko.

"Rabonka ne. Matan kwamiti suka ce a kawo maka. Mun ɗauka ko kwance kake."

"Aiki nake."

"Eh," in ji Eilif, yana jan kalmar ciki tare da numfashi. "Mu ma shi muka yi."

Bayan wannan babu wanda ya sake tayar da maganar. Gudmund, da ya rayu a cikinmu tun haihuwa, ya kamata ya san abin da wannan shirun yake nufi, amma hankalinsa yana wata duniya.

Labarin da ya ƙera ga shi. Akwai wata tasha da ke kewaya wani tauraro mai sanyi. An tarar da mai kula da iskar tashar a sandare cikin ɗakinsa, ƙofa a kulle ta ciki, shuɗin jini ya daskare a ƙasa. Uku ake zargi: makanikiya mai hannu tara, da likita mai ido ɗaya a tsakiyar ciki, da wani ma'aji da ya yi kama da tulin laka, sunansa ma Laka. A kwali na farko, a cikin hira kan abin da kowa ke sha da safe, an faɗa ƙarara cewa jikin Laka yakan tsuke in ya ji sanyi har ya koma kamar igiya, shi ya sa madararsa da zafi yake sha. A kwali na biyu an ga raɓa ta daskare a ragar kafar iska. A na uku an gane wani ya kashe na'urar ɗumama ɓangaren da ɗakin yake na ɗan lokaci. Komai a fili.

Saura inda kowa yake lokacin kisan. Gudmund bai ɓata lokaci a kan wannan ba. Asabar ce, to me mutane za su yi a tasha ran Asabar? Ya rubuta tun a kwali na farko cewa ana gayyar wanke tagogin tashar ta waje, kowa ya fito da bokitinsa, ban da Laka, wanda ya ce bayansa ke ciwo. Ya ji daɗin wannan dabarar ƙwarai. Duk gogaggen mai karatu ya san wanda zargi ya fi hawa kansa tun farko ba shi ne ba. Za su tsallake Laka su bi likita, wanda ya cika shi da take-taken marasa gaskiya.

Ranar da kwali na farko ya fito, ya tafi kanti da sunan sayen burodi. Borghild, mai karɓar kuɗi, ta wuce da burodin gaban na'ura ba ta ɗago ba.

"Lakan nan ne," ta ce.

Gudmund ya ji kamar ya taka tsanin da babu. "Kwali ɗaya kika gani. Ba a ma zo kan hujja ba."

"Bai je gayya ba."

"Wannan ba hujjar kisa ba ce."

"Wanda zai iya zama a ɗaki yana jin ƙarar bokitin mutane, zai iya komai. Jaka kake so ko za ka riƙe a hannu?"

"Likitan fa? Kin ga yadda ya ɓoye almakashi a bayansa?"

"Likitan ya je. Har tagar sama shi ya hau, da ido ɗaya, bawan Allah."

Wani manomi da ke bayansa a layi ya ja numfashi ya ce eh. Na bayan manomin ma ya ja.

Kafin kwali na biyu ya fito magana ta ƙare a Okkedal. Direban motar makaranta ya ce Laka. Limamiya ta ce ba ta son yanke wa kowa hukunci, amma Laka. A gidan tsofaffi, Ragnfrid ta karanta musu bayan abincin rana, aka ɗaga hannu, ba a samu saɓani ba. Har wani dattijo da ya daina gane 'ya'yansa ya buɗe ido ya tambaya wane ne bai zo ba, da aka gaya masa ya ce a kama shi.

Gudmund ya yi ta yawo a kan rufin mutane yana huci. Ba gano shi da aka yi ba ne kaɗai ke cinsa. Babu wanda ya lura da madara mai zafi. Babu wanda ya kula da raɓar da ke kan raga, wadda ya yi makonni yana neman inda zai ajiye ta. Sun shigo masa ta ƙofar baya da ƙazamin takalmi, sun zauna a kujerar da ya tanadar wa masu tunani. A kicin ɗin wata bazawara ya buga burushi a ƙasa ya ce, "Rashin zuwa gayya ba laifi ba ne a dokar kowace ƙasa." Matar ta dube shi, ta ce ta san zai ga haka, sannan ta tambaye shi ko zai sha kofi.

Da hutun ya zo suka hau tsauni, bukkar nan dai ta mahaifinsa, shi da Ragnfrid da Eilif, wanda ba a gayyata ba kuma bai taɓa jiran gayyata ba. Ranar Asabar da hantsi suna jingine da bango mai rana, Ragnfrid na ɓare lemo, Eilif ya miƙe ƙafa a kan fatar tunkiya.

"Suruki, ka daina cin haƙori, kana korar tsuntsaye. Kwali na huɗun ya tafi wurin masu bugawa?"

"Sai bayan hutu."

"To me ya yi zafi? Canja mai kisan."

Gudmund ya juyo ya harare shi, Eilif ya ci gaba.

"Ba ga mai hannu taran nan ba? Ka ce tana da na goma da take cirewa ta aika shi aiki. Ko ka ce likitan yana ratsa bango. Wa zai kama ka? Halittun sama ne, babu wanda ya san danginsu. Ran Laraba da kwalin zai fito duk kwarin nan ya wayi gari da kunya, Borghild ta haɗiye na'urarta, kai kuma ka zama gwani. Ni da tarakta nake yin fiye da haka kullum."

"Ka taɓa karanta littafi har ƙarshe, Eilif?"

"Me ya sa? Ga ka nan kana ba ni labarin ƙarshensu kyauta tun ranar bikinku."

Ragnfrid ta miƙa wa mijinta ɓarin lemo. Ya karɓa, ya tashi ya shiga ciki.

Ya zauna a teburin da ya taɓa zama yana ɗan makaranta, ya ɗauki fensir, wai don ya nuna wa kansa cewa abin ba zai yiwu ba. Abin ya yiwu. Kafin ruwan da ke kan murhu ya tafasa ya gama. Likitan ne, idon cikinsa yana fitar da wani haske da ke daskarar da mutum ta cikin ƙarfe. Bai taɓa rubuta abu cikin sauƙi haka ba. Ya sake karantawa, ya ga har daɗi gare shi, kuma wannan ya fi komai ba shi haushi. Ashe haka marubutan nan suke rayuwa. Ashe ba wahala suka sha suka kasa ba, daɗi suka ji. Ya hango fuskar Borghild ran Laraba, ya hango layin kanti ya yi tsit. Ya daɗe yana hangen, don mutum ne.

Sannan ya hango wani, ko a wane gida, da ya zauna da kwalaye uku a gabansa ya lura da madara mai zafi. Bai san ko akwai irin wannan mutumin a Okkedal ba. Alamu ma sun nuna babu. Ya buɗe murhu ya tura takardar. Ta ci lami lafiya, don bututun bukkar nan babu wanda ya kai shi tsabta a lardin.

"Na ji warin takarda," in ji Eilif da ya fito.

"Laka ne," Gudmund ya ce. "Kun faɗa daidai, ku duka, kamar yadda makaho ke faɗawa rijiya daidai. Amma ran Laraba za ku karanta dalili. Za ku ga kafar iska, ku ga raɓa, ku san cewa da ƙafa kuka yi tunani."

"Mu dai mun ce Laka."

"Eilif," in ji Ragnfrid, "tashi ka faskara itace."

"Bayana, yaya."

Da aka sauko, Gudmund ya kai wa Oddny warwarar da hannunsa. Ya matse ta har ta shiga gefen kwali guda, kowace hujja a mazauninta, kamar bulo. A ganinsa bai taɓa yin aiki mai kyau haka ba, har da rufin coci. Ya gargaɗe ta kada a taɓa ko waƙafi. Ta karɓa ta yi godiya, waya na kunnenta.

Ran Laraba Ragnfrid ta ajiye sabon kwali a kan tebur, tsakanin burodi da cuku. Gudmund ya goge tabarau, ya juya gefen farko: saniya. Na biyu: abin da madara ke ƙunshe da shi. Ya juya na uku da na huɗu, ya ɗaga ya duba ƙasa har madarar ta zubo masa a hannun riga. Bai tsaya canja takalmin ɗaki ba.

Ya tarar da Oddny a bakin injin, da hular leda a kai.

"Ina warwarata?"

"Gudmund, na so in kira ka. Kwamitin manoma ya zauna. Babu mutum ɗaya a kwarin nan da ya faɗi wani suna daban. Suka ce me za a gaya wa mutane abin da suka riga suka sani?"

"Ba su sani ba. Suna suka sani. Ba su san ta ina ya shiga ba, ba su san yadda aka yi ƙofa ta kasance a kulle ba. Na ba ku gawa mai shuɗin jini don kada yara su firgita. Na sa halittar da ba ta da baki ta sha madara. Abu ɗaya na roƙa a duk rayuwata, gefen kwali ɗaya."

"An sayi madara sosai, in wannan zai sanyaya maka rai. Mutane sun ji daɗi. Sun ce labarin yana da darasi."

"Ba shi da darasi. Kafar iska gare shi." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ke kin karanta?"

"Na fara." Ta gyara hularta. "Laka ne dai, ko ba haka ba?"

Gudmund ya buɗe baki, injin ya tashi, abin da ya faɗa bai kai kunnen kowa ba. Waɗanda suka gan shi yana komawa gida da takalmin ɗaki a cikin narkakkiyar ƙanƙara sun gaishe shi, kamar yadda aka saba, ba su tambayi komai ba.

Yanzu ya ajiye aiki. Yana nan yana sayen littattafan, darduma tana nan dab da agogo. In ka tsaya kusa da shi a kanti zai gaya maka ta inda Laka ya shiga, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba, kuma waɗanda suka saurara har ƙarshe sun ce abin yana da tsari.

A gefen kwalin da aka ware wa warwarar, sanarwar gayyar bazara aka buga: Asabar mai zuwa, filin makaranta, kowa ya zo da manjagararsa. Gudmund ya je. Aka ba shi wankin tagogi.